Sani ya ce zai ɗauki azumi

Tawa, jajibirin azumi, 1995.

Barci ya ƙi zuwa. A asibitin yara, madam ɗin jinya da ta san ciwon sukarin ɗana Sani ke hana shi azumi da tsawa guda. Yanzu an mai da shi wurin manya, sabon likita bai ko tada zancen ba.

Na ce, "Mai allura safe da marece ba ya azumi."

Ya ce, "Baba, can sun ce na girma. Ko a layin asibiti kaɗai nike babba?"

Ni da ba a maida ma magana! Na hana uwarshi tashinshi sahur, ya ce ko bai ci ba zai ɗauka.

Na ce ta ɗora tukunyar sahur. Gobe ba ni buɗe gareji. Inda ya zauna nan zan zauna, da dabino cikin aljihu, ko da sukarinshi zai faɗi.