Sun Kashe Min Malam Barau

Dutse, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara da duk mutanen Aujara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗan'inna direba. Wayata na kashe na jefa a akwati, don in na ci gaba da kallonta sai na zagi wani.

Kin san labarin nan da nake sakawa a zauren masu karatu na waya, shafi guda kullum in na taso daga aiki. Tun da na dawo daga zaman makoki kaina ya bushe ƙayau. In rubuta layi biyu, in goge. Sai na sanar da su ina tunanin ɗan hutawa. Yaya, zo ki ga rashin ta-ido! Wata ta ce na yi suna ne na fara girman kai. Wata kuwa har gida ta zo wai gaisuwar mutuwa, ba ta gama shafa fatiha ba ta tambaye ni ko Malam Barau na cikin labarin zai sayar da gonarsa. Ban san lokacin da na janye kwanon abinci daga gabanta ba.

Ke kaɗai kika san waye Malam Barau. Gyaran muryar nan kafin magana, da faɗan da yake yi wa rediyo in an faɗi abin da bai yarda da shi ba, duk na Baba ne. Yanzu a cikin labarin nan kaɗai nake jin muryarsa. Tsoron taɓa shi nake yi, kuma tsoron barinsa nake yi.

Munira, ƙawata mai kula da zauren, ta ce in huta abina, za ta lallashe su. Ban yanke shawara ba tukuna.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Zakiyya

Dutse, ranar Laraba

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni, zuciyata tafasa take yi.

Jiya na kunna waya. Ashe lallashin da Munira take nufi shi ne ta ci gaba da rubuta labarina, tana sa sunana a sama. Kuma ta kashe Malam Barau.

Ba kisan kaɗai ba, Yaya. Duk abin da na ba ta labari ina kuka a kafaɗarta, shi ta kwashe: kunun tsamiyar da Baba ya nema bai sha ba, motar da ta kafe a laka kafin Jahun, hularsa da kika riƙe har muka iso asibiti. Ko hular ba ta bar mana ba.

Mutanen da ba su iya ce min Allah Ya ba da haƙuri ba, su ne suka cika zaure da ta'aziyyar Malam Barau. Wai ban taɓa rubuta shafi mai daɗin wannan ba!

Na same ta a shagonta. Ta ce zauren ne ya fara watsewa, kuma mutuwa ce kaɗai ke riƙe masu karatu, ita taimakona ta yi. Abin da na faɗa mata ba zan sa shi a takarda ba. Na bayyana wa zaure gaskiya, suka ce a bar shi haka, ai sun riga sun yi kukansu.

Na zauna da fushina zan dawo da Malam Barau cikin labarin. Na ɗora shi a kan buzunsa, na miƙa masa rediyo, na jira ya gyara murya. Shiru, Yaya. Na karanta mutuwarsa, kuma kowane layi gaskiya ne.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, ina tafe ran Juma'a. Rubutu kuwa na ajiye, ban san ranar ɗauka ba. In ana rabon kayan Baba, ku bar min rediyon. Irin kukan da kuka yi ni ban yi shi ba, don na zaci ina da sauran Baba a ajiye cikin labarin. Ki share min ɗakinsa, can zan sauka.

Ƙanwarki,
Zakiyya