Tarin Baba Ba na Kemis Ba Ne

Kartum, Yuni 1999

Inna,

Ina gaisuwa. Yaya Gyadi-Gyadi? Na ji soja sun miƙa mulki sun koma bariki, Allah ya sa alheri.

Kin ce Baba ya yi sati uku yana busasshen tari, amma shi ya dage cewa tunda yana fita da motarsa, ba nimoniya ba ce. Inna, nimoniya iri-iri ce. Wadda ƙwayar maikoplasma ke kawowa ba ta cika kwantar da mutum ba, kuma kafson ja-da-baƙi na kemis ba ya kashe ta. Ku kai shi asibiti.

Karatun likita lafiya lau. Sai dai ba a littafi kaɗai na san ciwon ba, ni ma na yi wata guda ina zuwa aji da shi. Na warke. Taurin kan nan kuwa, kin san wanda na gado.

'Yarki,
Safiya