Taswirar da Babu Shagon Yacouba

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Ɗana Ɗalhatu ya rataya tsohuwar taswira a ofishinmu na aika kaya a unguwar Al Rigga, nan ƙasar Larabawa. Wai tashar jiragen ruwa ta Hurmuz ce, zanen Turawan Fotugal, shekara ɗari huɗu baya. Ganuwarsu ta cinye rabin takarda, tuta kamar zanen gado. Na ce ina gidajen masu garin? Ya ce, "Baba, mai alƙalami ba ya zana wanda yake so a manta." Ban yi boko ba, amma wannan na gane.

Laraba, 7 ga wata
Yana so in zana masa bakin Khor, mashigar tekun garin nan, yadda na same shi, ya rataya kusa da ta Turawa. Na zana. Inda jiragen katako ke tsayawa, masallaci, mai shayi, shagona na farko. Shagon na yi shi ƙato. To, nawa ne.

Alhamis, 8 ga wata
Ya duba, ya ce, "Baba, ina shagon Baba Yacouba?" Na ce takarda ta ƙare.
Yacouba ɗan Maraɗi. E, a shagonsa na kwana wata bakwai ina ɗauko masa kaya daga jirgi. Amma shi ne ya ce mini "ɗan dakona" gaban surukai ranar ɗaurin auren 'yata, suka kwashe da dariya. Shekara goma sha ɗaya ban gaishe shi ba. Khalas, shi ke nan.

Asabar, 10 ga wata
Wai ciwo ya ci ƙarfin Yacouba, Juma'a za a mayar da shi gida, ba dawowa. An rushe layin shagonsa tuntuni. In ban da ni da shi, babu mai rai da ya san inda shagon yake a da.
Ina ruwana.

Lahadi, 11 ga wata
Na daɗe ina kallon taswirar Turawan nan. Wani ne fa ya nuna musu mashigar ruwa, ya ba su abin sha. Ko ɗigo ba su yi masa ba. Marasa kunya.

Talata, 13 ga wata
Na saka shagon Yacouba. Ƙarami na yi niyya, biro ne ya zame, har ya ɗan fi nawa. Ba zan ɓata wata takardar ba.
Na ce Ɗalhatu ya kai ni gidansa a Abu Hail gobe. Ba gaisuwa za ni ba. Ƙofar shagon ce na manta ko gabas take kallo.