Naman layyar Baba a ƙofar maƙwabta

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ta ne a nan inda jama'a ke karantawa, domin maganar ta cika mini ciki, kuma ke kaɗai na saba kai wa irinta.

Inna, a tsorace nake. Baba nake ji wa tsoro.

Bayan rasuwarki mun sha fama da shi kafin ya yarda ya baro Kano ya zauna da mu a Gaithersburg, nan Amurka. Sharaɗi ɗaya ya kafa, wai sai gidan da zai iya takawa da ƙafarsa zuwa masallaci. Saboda shi muka tashi daga inda muke, muka kama wannan gidan. Masallacin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsohon ofis ne aka saya aka shimfiɗa darduma, mu da 'yan Ghana da 'yan Nijar da wasu ƙabilu muke haɗuwa a ciki. Baƙo sai ya wuce shi bai san ya wuce ba. Amma Baba ya riƙe shi hannu biyu. Kin san mijinki. Zai zuba babbar riga ya kama hanya, yana gaida duk wanda ya gani da Hausa, su amsa ko kada su amsa, shi dai ya sauke nauyi.

Bara ne shugabannin masallacin suka nemi izinin hukuma su gina 'yar hasumiya a gefe. Ba lasifika za a sa ba, kiran salla a ciki muke yinsa, ƙofa a rufe. So kawai ake mai wucewa ya gane ɗakin Allah ne. Wallahi Inna, tsayinta a zane bai kai rabin na cocin da ke bakin titi ba.

Daga nan gari ya ɗauka. Aka fara kafa alluna a ƙofar gidaje, an zana hasumiya an ja mata jan layi. A rediyo da intanet ana ta kawo misalin wata ƙasa a Turai da ta taɓa jefa ƙuri'a ta hana gina su, ana cewa a yi haka a nan ma. Wasu suna fakewa da cunkoson motoci. Wasu kuwa ba sa ɓoye-ɓoye, sun ce tuta ce muke son kafawa, yau hasumiya, gobe unguwa gaba ɗaya. Ba zan yi musu ƙarya ba, akwai waɗanda suka tsaya mana, har da wani fasto. Amma muryar masu ƙi ta fi kauri. Ni da na girma a Kano ban taɓa ɗaga kai na kalli hasumiya ba, sai ga shi ina kwana da ita ina tashi da ita.

Ana cikin haka Babbar Salla ta zo. A nan ba a yanka a ƙofar gida. Wata gona muke zuwa can bayan gari, a yanka, a feɗe, a zubo mana a kular ƙanƙara. Da muka dawo Baba ya sa aka shimfiɗa leda a kicin, ya zauna ya kasa naman kashi uku kamar yadda kike yi. Na ɗauka kason maƙwabta na mutanen masallaci ne. Ban tambaya ba, washegari na tafi aiki asibiti, maigidana ma ya fita.

Kin tuna abin da kike gaya mana in za ki aike mu da kwano ranar Salla? “Wanda ya fi kowa ɗaure miki fuska shi za ki fara kai wa, kuma cinya za ki kai masa.” Mu mun ɗauka Baba ba ya sauraro, yana can zaure da rediyonsa. Ashe duk yana ji.

Ya ƙulla naman a leda, ya bi layinmu gida gida. Rana ce ta aiki, kusan kowa ba ya nan. Inda ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, sai ya rataye a hannun ƙofa ya yi gaba. Gidan da ya fara zuwa na wani mutum ne a ƙarshen layi, wanda allonsa ya fi na kowa girma, wanda bai taɓa amsa masa gaisuwa ba. Shi ya samu cinya. Lokacin zafi ne, Inna. Kafin masu gida su dawo da yamma, jini ya ɗiga a kan matakala, ƙudaje sun taru.

'Yan sanda biyu suka zo. Aka kira ni a waya, na baro aiki na taho. Na tarar Baba ya ba su kujera, ya kawo musu ruwa, yana jira in zo in tambaye su ko su ma a ƙulla musu. Da na yi musu bayani sun gane, ɗaya har ya yi murmushi. Suka ce ba laifi aka yi ba, amma kada a sake. Na ɗauka magana ta mutu.

Kusan kowane gida a nan akwai kamara a jikin ƙofa. Ta gidan mutumin nan ta ɗauki Baba tsaf: tsoho baƙi cikin babbar riga, ya tsaya kusa da allon, ya rataye leda mai jini, ya motsa baki, ya juya. Addu'a yake musu, na san motsin bakin nan. Mutumin ya sa bidiyon a zauren unguwa na intanet, ya rubuta cewa ga gargaɗin da masu hasumiya suka aiko masa. Kafin gari ya waye ya wuce unguwarmu, ya kai inda ban sani ba. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Ba zan maimaita miki ba. Wani ya rubuta sunan layinmu.

Na rasa yadda zan fassara wa Baba. Da farko ya zaci rago ne ba sa ci, ya ce da ya sani da kaza ya nema. Sai na daure na gaya masa cewa a wurinsu, ka tarar da nama mai jini a ƙofarka, ana nufin kai ne na gaba. Ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne, “Uwata, cinya fa na ba shi.”

Na je gidan mutumin don in ba da haƙuri. Ina jin motsinsa a ciki, bai buɗe ba.

Ranar da hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan hasumiyar, wani ya miƙe da hoton Baba, an buga shi ƙato a kwali, ya ɗaga sama yana juyawa don kowa ya gani. Mijinki ne fa, Inna, wanda ko ɗan akuya ya shigo gida sai ya kore shi da lallashi. Aka ba ni ɗan lokaci na yi magana. Na ba su labarin layya, na ce a garinmu wulaƙanci ne ka ci nama maƙwabcinka yana jin ƙamshi. Wasu sun gyaɗa kai. Ina komawa kujera na ji wata a bayana tana ce wa ta kusa da ita, ashe har yanka suke yi. An ɗage yanke hukunci, har yau ba a sake kira ba.

Tun daga ranar Maman Ngozi take faɗo mini a rai, maƙwabciyarmu ta Kano da ke aiko mana shinkafar Kirsimeti. Ranar da gari ya rikice kika shigar da ita da 'ya'yanta ƙuryar ɗakinki, kika ɗauki faranti kika zauna a zaure kina tsince wake, kina amsa wa duk wanda ya leƙo cewa ba kowa. Ni a lokacin haushi nake ji, an ba Ngozi gadona. Bayan ƙura ta lafa, na lura Maman Ngozi ta koyi wata irin dariya. Kowa ta gani a layi sai ta washe baki tun daga nesa, har mutanen da ta san sun zo nemanta. Muna yara muna kwaikwayonta. Inna, yanzu ni ma na iya dariyar nan. Ita nake yi in na fito zubar da shara, ita nake yi a kanti. Idona kuma yana bin ƙofofin layin nan, ina tunanin wace ce za ta zauna mini a zaure.

Baba kuwa bai fasa zuwa masallaci ba. Na roƙe shi ya bari mu riƙa kai shi a mota, ya ce ƙafarsa lafiyarta ƙalau, kuma mu muna wurin aiki lokacin Azahar da La'asar. Gaskiya ya faɗa. In ina asibiti ina ƙirga wa mutane magani, hankalina yana kan titin nan. Waya ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka. Na fara lura da motocin da ke rage gudu a ƙofar gidanmu, ban sani ba ko da ma can suna yi.

Makon jiya na dawo da wuri, na tarar da shi a banɗaki yana wanke rigarsa da hannu. Baba da wanki! Ya ce ruwa ne ya zube masa. Rigar tana warin kofi, tabon ya taho tun daga kafaɗa har ƙasa ta baya. Mutum ba ya zuba wa kansa abu a baya. Sai daga baya wani ɗan Ghana da suke salla tare ya gaya wa maigidana cewa daga cikin mota aka jefo, kuma ba shi ne karo na farko ba.

Na durƙusa a gabansa, Inna, yadda ban yi ba tun ranar da za a kai ni gidan miji. Na ce yau kofi ne, gobe ban san mene ne ba, kuma a ƙasar nan bindiga ba ta da wuyar samu. Na ce na binne uwa, kada ya sa in ɗauki gawar uba a bakin titi. Na yi kuka har na ba kaina kunya. Ya dafa kaina kawai.

Washegari a falo ya yi sallolinsa. Rana ta biyu ma haka. Abin da na roƙa na samu, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Yana zama a bakin taga in lokaci ya yi, yana duba agogo. Abinci ma ya rage ci.

Ranar Juma'a na ɗauki hutu don in kai shi da kaina. Ya shiga gaba ya zauna, na tayar da mota. Muna gab da ƙarshen layi sai na ga ya ɗaga hannu ya cire hularsa, ya ninke ta, ya tura ƙarƙashin cinyarsa. Ke shaida ce, tunda aka haife ni ban taɓa ganin mutumin nan a waje kai ba hula ba. Furfurarsa duk ta kwanta, kan ya yi ƙanƙanta. Ya juyo ya dube ni kamar yaron da ke jiran a yaba masa, ya ce, “Uwata, haka ya yi? Ba za su gane ni ba?”

Na ce ya yi, Baba. Ban san yadda na kai mu masallaci ba.

Inna, ki yafe mini, amanar da kika bar mini ke nan, ga yadda nake riƙonta. Allah Ya tsare mana shi a fitarsa da shigarsa. Allah Ya sanyaya zukatan mutanen layin nan, Ya cire musu tsoronmu, Ya cire mana nasu. Ke kuma Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa mu a inda ba mai ɓoye kansa.

Taki har kullum,
Hadiza