Kaskon Mama da Ka Ɗauke

Tacoma, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Corinne da yara kuna lafiya, Allah ya kare ku daga sanyin Alaska. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Baba ta warke, mantuwar ce dai kullum gaba take yi.

Wendell, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ranar Lahadi na tashi yi wa Baba fanken da Mama ta saba gasa masa. Na fasa ƙwai uku, na kaɗa da madara da fulawa, tanderu ya ɗau zafi, na buɗe kabad, babu baƙin kaskonta na ƙarfe. Na birkice kicin kaf. Maƙwabciyarmu Delphine ce ta ce ta gan ka ranar da za ka koma kana cusa shi a mota, naɗe cikin tawul kamar ɓarawo. Wai ta ɗauka ni na ba ka.

Dole na zuba ƙullun a wani falalen faranti. Bai tashi ba, ya fito a kwance kamar tsumma. Na matsa lemon tsami, na barbaɗa sukari, na kai masa. Baba ya dube shi ya ce wannan ba hannun matarsa ba ne, ina ta shiga da ba ta yi abin kari ba? Na yi ta kewaye-kewaye, ya nace. Ƙarshe na gaya masa Mama ta rasu tun bara. Ya yi kuka kamar ranar ya fara ji, ni kaɗai a kansa.

Ba ka san wannan ba, don kwana biyu kake yi ka gudu: muddin ya ga fanken ya kumbura a kaskon nan, man shanu na tsuwa a gefe, ba ya tambayarta. Ci yake yana murmushi. Na sayo sabon kasko, ya shafa mariƙin, ya ture.

Na san kai ma uwarka ce, da ka roƙa da na fahimta. Amma ka aiko shi kafin Lahadi. In ba haka ba, da ya tambaye ta zan buga maka waya in miƙa masa, kai ka faɗa masa da bakinka.

Ka gaida Corinne, da Tobias da ƙaramar Maren, su ba su yi mini komai ba.

Yayarka,
Lorene