Jinina da Ƙahon Yaya Mastura

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025
An ba ni rana. Goma ga Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, a Bangkok. A ofis na karanta saƙon, na shiga bayi na yi rawa ni kaɗai. A iƙama, katin zama na ƙasar nan, ni mace ce, amma tun ina ƙarami na san ni Hadi ne. Shekara tara ina ɗaure ƙirjin nan cikin zafin Jidda. Za a cire shi.
Sai dai likitan ya kafa sharaɗi: awon jini, na suga, na zuciya, da hoton ƙirji, duk su isa gare shi kafin 27 ga Fabrairu. Abu ɗaya ya karkace, ya ba wani ranar. Shisha kuma an hana, har ita akwai gwajinta.

Laraba, 15 ga Janairu
Zuciya lafiya, hoto lafiya. A nan unguwarmu Bagdadiyya na yi, na ce aiki za a yi mini a waje, ba wanda ya ƙara tambaya. Sun so sanin ko akwai kansar nono a danginmu. Tunda Umma ta rasu, Yaya Mastura ce kawai ta sani, dole na je gidanta a unguwar Ammariyya. Ta ce babu. Na ce mata rage nauyin ƙirji za a yi saboda ciwon baya. Ta dube ni, ta ƙara mini shayi.

Lahadi, 19 ga Janairu
Yaya ta tasa ni gaba har wurin mai ƙaho. Wai yau sha tara ga watan Musulunci, ranar hijama, a fitar da mataccen jini kafin likitoci su gani. "Yalla, kada a kai musu datti." Kofi takwas a bayana. Na fito sakayau, har da waƙa a mota.

Talata, 21 ga Janairu
Jini ya yi ƙasa. Goma da ɗigo huɗu, likitan Bangkok kuwa sha biyu yake so.
Likitar nan ta ga tabon kofi ta riƙe baki. Ta ce dama jinin a bakin gaɓa yake, ga shayi bayan kowane abinci yana hana shi ƙaruwa, ƙaho ya ƙarasa shi. Ta rubuta ƙwayar ƙarin jini. Sati biyar gare ni.
Na yi kuka a gefen titi. Na kira Yaya na faɗa mata magana marar daɗi. Ba ta rama ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Laraba, 22 ga Janairu
Bakwai na safe ana buga ƙofa. Yaya ce da kula: hanta, zogale, ruwan lemo. Ta kwashe ganyen shayina kaf ta zuba a jakarta. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Khalas, magana ta ƙare."

Litinin, 3 ga Fabrairu
Hanta kwana goma sha uku. Ko akuya na gani a hanya sai in ji kunya.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Yau na hau benenmu ban tsaya hutu ba. Yaya ta mai da ni gonarta, kullum sai ta ja fatar idona ta leƙa ko ya yi ja. Mijinta Othman ya ce shi shekara ashirin bai samu wannan gata ba, zai je a yi masa ƙaho shi ma. Mun yi dariya har tari ya sarƙe ni. Rabona da dariya a gidan nan tun Umma na da rai.
Shisha ce dai nake kewa, ba ƙarya.

Talata, 25 ga Fabrairu
Sha biyu da ɗigo ɗaya. Alhamdulillahi. Na tura, kafin la'asar amsa ta zo: rana tana nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu
Ta zo da hanta duk da na ce an gama. Tana wanke kula, ba ta juyo ba, ta ce, "Ba ciwon baya ba ne. Ni na yi goyon nan, na sani tun ana rigimar ɗankwali." Ta ce ba ta gane ba, kuma ba ta ce ta yarda ba, amma jinin Umma ba zai kwanta a ƙasar wasu babu kowa a bakin ƙofa ba.
Na ce babu buƙata, na saba yin abina ni kaɗai.
Asibitin sun aiko takarda ta ƙarshe, akwai layin sunan mai jinya. Na rubuta Mastura, don dai kada a bar wurin fili. Na kuma tambaye ta ko fasfonta bai mutu ba.