Haƙora Arba'in da Takwas

Sabon Zongo, Lome
4 ga Mayu, 1978

Zuwa ga Yaya Lukuman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kumasi. Inna tana gaishe ka.

Yaya, tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kawo mu bayan gari, Inna ta ƙi barin teburin goronta na kasuwar Adawlato. Ni nake kai ta kullum a ɗan ƙaramin babur ɗina, kuma ya ishe ni.

Matsalar faifan baya ce, wanda sarƙa ke hawa. Da na sa mai haƙora hamsin da huɗu, yana ratsa yashin unguwarmu, amma a kwalta sai ihu, ba gudu. Masu keke suna wuce mu, mu isa an gama cinikin safe. Tchakoura makanike ya ce mai arba'in da biyu ne magani. Na sa. Ranar Talata babur ɗin ya mutu a cikin yashi, muka kife, Inna ta gurɗe hannu. Ba ta yi mini faɗa ba, goron kawai ta tsince. Na fi son ta zage ni.

Na zaga unguwar Bè da Adawlato, babu na tsakiya. Don Allah ka nemo mini mai arba'in da takwas a wajenku.

Ƙaninka,
Moumouni

19 ga Yuni, 1978

Yaya Lukuman,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Direban da ka aiko ya kawo saƙo, Allah ya saka da alheri.

Faifan ya yi daidai. Na ƙara wa sarƙa tsawo, na ɗora buhun masara a baya don gwaji, ya ratsa yashi, ya yi gudu a kwalta. Na dawo da murna in gaya wa Inna, sai na tarar tana ɗaure kaya. Ashe sun gama magana da Yaya Kadidja, Inna za ta koma gidan Yayar a Bè, kusa da kasuwa, ta riƙa zuwa mana ranar Juma'a. Ta ce ba tsoron faɗuwa take yi ba, ramar da nake yi ce ba ta so.

Na roƙe ta ko sau ɗaya ta hau ta gani. Ta yarda. Ni na kai ta Bè ɗin, da kayanta, bai tsaya ko'ina ba. Da ta sauka ta ce, "Yau kam ya yi kyau."

Na dawo ni kaɗai, a hankali.

A gaida kowa.

Ƙaninka,
Moumouni